Takalman da Suka Juya wa Teku Baya

Da safiyar Talata aka buga wa Sufeto Shiomi waya cewa teku ta amayo gawa a tsibirin Nagihama. Ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗauki rigar ruwa, ya nufi tashar jirgin fito yana gunaguni. Shi dai teku ba ta taɓa karɓarsa ba. Da jirgi ya fara tangaɗi, hanjinsa ya fara juyawa, sai ya yi ta tsotsar alewar citta kamar ƙaramin yaro.

Wata guda baya, jirgin nan sai ka yi da gaske kafin ka samu wurin tsayawa. Yau kuwa ba kowa sai shi da buhunan shinkafa.

Haka Nagihama take. Da an gama Obon, bikin tunawa da magabata, an raka matattun da suka zo ganin gida sun koma, sai masu yawon shaƙatawa su naɗe laimominsu su watse. Ba mai ƙara tsoma ƙafa a ruwa. Ko yara sun sani: mataccen da bai so komawa ba yana nan ƙarƙashi, yana jiran ƙafar da zai kama.

Saje Hirukawa ne ya tarbe shi a gaɓa, riƙe da kekensa. Shi kaɗai ne ɗan sandan tsibirin, haifaffen wurin, ga tumbi ga furfura.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Wahalar banza aka ba ka. Mutumin kansa ya kashe."

"Au, har ka gama binciken? To ni me na zo yi, shan iska?"

"Takalmansa na can bakin ruwa a jere. Ka dai san abin da wannan ke nufi."

Sufeto ya sani. Wanda ya yanke shawarar barin duniya yakan cire takalmansa ya jera su tsaf, kamar mai shiga gidan mutane.

Bakin tekun kuwa abin tausayi. An kwance rabin rumfunan gasasshen kifi, katakai jibge, wata tutar talla da rana ta cinye launinta tana kaɗawa ita kaɗai. Yashi fari fat har iyakar gani, ba sawun kowa. Jajayen mazari sun cika iska, su ma shiru.

Gawar na ƙarƙashin tamfol. Namiji ne da ya haura arba'in, riga da wando irin na mutanen birni, ƙafa ba takalmi ba safa. Babu rauni a jikinsa, sai wani ɗan sabon kuje tsakanin babban yatsan ƙafar dama da mai bi masa.

"Sunansa Nabeshima," in ji Saje. "Malamin makaranta ne a birni. Duk shekara yakan zo warhaka, ya sauka a masaukin Iya Toyo."

"Mutum ya bar lokacin da ake cashewa, sai gari ya mutu ya zo? Me yake nema?"

"Oho. Kowa da irin tasa."

Takalman na can sama, inda cikar teku ba ta kaiwa. Baƙaƙe ne na fata, sun sha goga, an manna su da juna. Sufeto ya tsuguna, ya zura yatsu ciki.

"An yi ruwa jiya?"

"Kamar da bakin ƙwarya. Tun bayan faɗuwar rana har kusan asuba."

"Cikinsu a bushe yake ƙayau."

Saje ya kalli sama kamar a can amsar take.

"Zo nan, Saje. Nufi ruwa, ka cire takalmanka kamar za ka shiga."

"Haba Yallaɓai, a wannan watan?"

"Ban ce ka shiga ba. Cire kawai."

Saje ya yi taku biyu, ya zare ƙafafu ya tsaya a kan yashi. Takalmansa suka zauna suna kallon teku. Na mamacin kuwa dunduniyarsu ce a wajen teku, gabansu na kallon tudu.

"Da baya-baya mutumin nan ya shiga ruwan?"

"Ƙila iska ce ta juya su."

"Lallai iskar garinku akwai ladabi."

Saje ya mayar da takalmansa da sauri, bai yi dariya ba. Sufeto ya sake duban takalman mamacin. Takalman nan ba su yi kama da na wanda ya tafi ba. Sun yi kama da masu jiran wani ya fito daga ruwa ya zura ƙafa.

Wanda ya fara ganin gawar wani siririn mutum ne mai suna Isobe, mai ɗaya daga cikin rumfunan. Suka same shi yana zare ƙusoshi, ya juya wa inda takalman suke baya.

"Yaushe ka ga gawar?"

"Bayan gari ya waye sosai, Yallaɓai."

"Kafin nan kana ina?"

"Gida. Ina barci."

Sufeto ya leƙa bokitin da ke gindin rumfar. Kifaye ne a ciki, wani ma yana motsi.

"Su kuma waɗannan da kansu suka je suka same ka a gado?"

Isobe ya sosa ƙeya. "To, na ɗan leƙa kan duwatsu da duku-duku. Amma ban ga kowa ba. Hazo ya rufe ko'ina."

"Ban ce ka ga wani ba."

Guduma ta kuɓuce wa Isobe, ta faɗi a yashi.

"Takalman fa, ka taɓa su?"

"Ni? Ko a mafarki!"

Sufeto ya ƙyale shi. Maƙaryacin da ke jin tsoro ba ya nisa, gobe ma yana nan.

Jirgin rana ya kawo matar mamacin. Sanae sunanta, mace mai ƙaramin jiki, ta fito da rigar aikin gida a ƙarƙashin kwat, da alama yadda wayar ta same ta haka ta taho. Ta ga gawar kafin a sa ta a jirgi zuwa wurin likita, ta gyaɗa kai, ba ta yi kuka ba. Sai da suka zauna a ɗan ofishin Saje ta buɗe baki.

"Ni na kashe shi, Yallaɓai."

"Yi a hankali, Uwargida. Ta yaya?"

"Tun da na aure shi bai taɓa barcin kirki ba. Cikin barci sai ya yi ta shure-shure yana ihu, har ni yakan shura. Na tambaya, na tambaya, ya ce akwai wata magana da ya kamata ya faɗa wa matar nan mai masauki, duk shekara ya zo sai ya kasa. Bana na gaji. Na ce masa, ka je ka sauke abin da ke cin ka, in ba haka ba kada ka dawo min gida. Kada ka dawo. Da bakina na faɗa."

"Wace magana ce?"

"Bai taɓa gaya min ba."

"Yaushe kika ji muryarsa a ƙarshe?"

"Jiya da la'asar. Ya ce, Sanae, na faɗa mata. Gobe jirgin safe zan biyo, ki zo ki tarye ni. Har da dariya." Ta ɗago kai ta dube shi. "Bankwana yake min ban gane ba? Ni ba na neman komai a wurinku. Abu ɗaya nake so in sani. Ya yi niyyar dawowa, ko bai yi ba?"

Sufeto ya kawar da kai. Tun da safe shugabansa a hedikwata ke cewa ya sa hannu ya rufe magana, mutum ya jera takalmi ya shiga ruwa, me ya rage? Amma in ya sa hannun nan, matar nan za ta kwana da kalmomi uku har ƙarshen ranta.

"Ki ba ni zuwa gobe," ya ce.

Masaukin Iya Toyo tsohon gidan katako ne a kan tudu, yana fuskantar teku. Ita da kanta ta tarbe su a bakin ƙofa, 'yar tsohuwa ranƙwafaffiya da farar rigar girki, ta durƙusa ta sunkuyar da kai.

"Lale marhabin. Ku shigo, 'ya'yana. Hiru, kai kuma tumbin nan sai gaba yake."

"Girkinki ne, Iya," in ji Saje, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Suka zare takalma suka hau dandamalin katako. Ta kawo shayi.

"Iya, ba ni labarin jiya," in ji Sufeto.

"Ya ci abinci da wuri, bai ci da yawa ba. Ya ce zai taka zuwa bakin ruwa kafin rana ta faɗi. Shi ke nan ganina da shi. Da aka fara ruwa na ce ko ya fake a rumfa."

"Ba ku yi wata magana ba?"

"Wace magana? Ta kifi da ciwon gwiwa."

"Matarsa ta ce ya faɗa miki wani abu."

"Ya ce miyata ta yi gishiri." Ta yi murmushi.

"Da takalmansa ya fita?"

"Da me zai fita, ɗana?"

Ɗakin baƙon na sama. An ɗaure jaka tsaf. A gefenta ga busasshen kifi an naɗe a takarda mai ado, irin tsarabar da ake kai wa gida. A kan jakar kuma ga safa an ninke, tana jiran safiya.

Sufeto ya daɗe yana kallon safar. Wane ɗan birni ne zai zura takalmin fata ba safa?

Da suka sauko ya tsaya gaban kantar da ake jera takalman katako na masauki, waɗanda baƙi ke sawa in za su ɗan zaga. Kowanne an ƙona masa tambarin gidan. Gurbi ɗaya babu komai.

"Ina na nan?"

"Baƙin lokacin zafi, ɗana. Har cokali suna tafiya da shi."

A kusurwar ɗakin zama akwai ɗan akwatin tunawa da matattu, hoton mijinta a ciki, turare na hayaƙi. Amma akwai wani hoton a bango kusa da ƙofa, na wani saurayi mai dariya, shi ba turare ba fure. A ƙasansa ga wasu tsofaffin silifas shuɗaye, robar duk ta tsattsage.

"Na wane ne waɗannan?"

"Na Wataru ne, ɗana na cikina. Ya fita."

"Yaushe zai dawo?"

"Bai faɗa ba."

Saje ya yi tari. Suka yi sallama. A bakin ƙofa Sufeto ya tarar an juya masa takalmansa suna kallon waje, ya zura ƙafa ya wuce. Kowane masauki haka ake yi wa baƙo, bai ko kula ba.

Sai da suka yi nisa ya ce, "Ina Wataru ya je?"

Saje ya nuna teku da haɓa. "Shekara ashirin da wani abu ke nan. Sati guda bayan Obon, shi da wani abokinsa ɗan birni suka yi kunnen ƙashi suka shiga iyo. Abokin ya fito. Wataru ko gawarsa ba a gani ba. Iya ta hana a yi masa jana'iza."

"Abokin Nabeshima ne."

"Shi ne. Ya fito yana kururuwa, wai wani abu ya kama masa ƙafa a ƙarƙashin ruwa, da ƙyar ya ƙwace. Kowa ya ce matattu ne. Tun daga nan yake zuwa duk shekara, ita kuma ta riƙe shi kamar ɗa. Ɗakin Wataru take ba shi."

"Kuma ba ka ga ya dace ka gaya min da safe ba?"

"Ba ka tambaya ba, Yallaɓai."

Washegari teku ta janye, ta bar duwatsu a fili. Sufeto ya naɗe ƙafar wando ya bi gaɓa shi kaɗai. Hazo bai gama tashi ba, kuma sau biyu yana waigawa don ya ji kamar ana binsa. Ba kowa, sai ƙarar ruwa a cikin ramukan dutse, kamar mutum na haɗiyar wani abu.

A cikin ciyawar teku ya tsinci takalmin katako ƙafa ɗaya, da tambarin masaukin Iya Toyo. Igiyar da ke shiga tsakanin yatsu sabuwa ce, mai kaushi. Ya tuna kujen nan na ƙafar gawa.

Can gaba akwai wani faffaɗan dutse mai kyaun zama, wanda ruwa ke shanyewa in teku ta cika. A tsagarsa wani ƙaramin fulas ya maƙale.

Yana riƙe da fulas ɗin likita ya bugo.

"Ruwa ne ya kashe mutuminka, tun da yamma, kafin a fara ruwan sama. Amma akwai maganin barci a jininsa, wanda ko bijimi aka ba sai ya kwanta."

Sufeto ya sa aka kira masa Isobe, ya zaunar da shi kusa da Saje a kan jibgin katakai. Ya ajiye takalmin katakon da fulas a gabansu.

"Mutum ya mutu da yamma. An yi ruwa dare guda. Da asuba takalmansa suka bayyana a bushe. To, ko dai shi ya fito daga teku ya je ya ɗauko su, ko wani ya kawo. Isobe, me ka gani?"

Isobe ya dubi Saje. Saje ya dubi ƙasa.

"Wani abu fari, Yallaɓai," in ji Isobe da ƙyar. "A cikin hazo. Ya durƙusa ya ajiye wani abu, ya miƙe kamar zai tafi, sai ya dawo ya sake durƙusawa. Ya sunkuyar da kai ga teku. Na ce matacce ne, na ruga."

"Matacce mai ciwon gwiwa?"

Isobe ya rufe fuska da hannu.

"Ƙyale shi, Yallaɓai," in ji Saje. "Ni zan faɗa." Ya cire hularsa ya riƙe. "Ranar da Wataru ya ɓata, a daidai wurin nan ya bar silifas ɗinsa. Iya ta zo ta juya su suna kallon gida, wai in ya fito ya samu ya zura. Duk shekara in ranar ta zagayo sai ta kawo su ta ajiye haka, ta wuni tana jira, ta kwashe ta koma. Ba ɗan tsibirin nan da zai ga takalmi ya juya wa teku baya bai san hannun wa ba ne. Tun da na gani na sani."

"Ka kuma so in sa hannu in tafi."

"A gidanta na tashi ina cin abinci. Ni da Wataru aji ɗaya muke."

Sufeto ya so ya yi masa tas, sai ya ga mutumin ya riga ya gama yi wa kansa. Ya ce kawai, "Sa hularka. Mu je."

Iya Toyo na zaune a bakin dandamali da suka iso, kamar ta san da zuwansu. Wannan karon Sufeto ya zare takalmansa ya hau, amma bai wuce ciki ba. Ya tsaya ya waiwaya.

Tsohuwar ta riga ta durƙusa. Yatsu biyu ta zura a dunduniyar takalman, ta juya su, ta manna su da juna, gabansu na kallon ƙofa. Ko dubawa ba ta yi ba. Sai da ta ɗago ta ga idonsa a kanta, hannunta ya tsaya a iska.

"Af," ta ce a hankali.

Ya ajiye fulas ɗin da takalmin katakon a gabanta.

"Da waɗannan ya fita, Iya. Takalmansa a nan ya bar su. Ke kika kai su bakin ruwa bayan an ɗauke ruwan sama. Kuma maganin barcin da ke cikin shayin nan, in na tambaya a asibiti, sunan wa za a ba ni?"

"Ba sai ka wahalar da kanka ba. Nawa ne." Ta zauna ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo. "Hiru, daina wannan kukan, ƙato da kai."

"Me ya faɗa miki?"

Ta dubi hoton da ke bango.

"A nan ya durƙusa, inda kake tsaye. Ya ce, Iya, abin da ya kama min ƙafa ran nan ba matacce ba ne. Wataru ne. Igiyar ruwa ta ja su, ɗana ya gaji, ya miƙo hannu ya kama ƙafar abokinsa. Shi kuma ya shure shi. Ya ce ba sau ɗaya ba. Ya yi ta shurinsa har ya saki."

Daga nesa ana jin teku.

"Shekara da shekaru ina dafa masa abin da Wataru ke so. Ina shimfiɗa masa bargon Wataru. Ina cewa wannan ne na ƙarshe da ya ga ɗana, bari in riƙe shi da kyau. Ashe ƙafar da ta shure shi nake juya wa takalmi."

"Sai kika yanke shawara."

"A'a. Wallahi da farko a'a. Na ce masa tashi, yaro ne kai a lokacin, tsoro ne. Har na shafa kansa. Sai ya tashi ya yi ajiyar zuciya. Ya ɗauko takalman nan ya zauna yana goge su, yana 'yar waƙa. Ya ce gobe matata za ta zo tarye na, kada ta gan ni da ƙura. Sannan ya ce, Iya, yau dai zan yi barci."

Ta juyo ta dubi Sufeto, idanunta a bushe.

"Shi zai yi barci. Ni fa? Ni da tun ranar nan ban runtsa ba sai da ƙwaya? Ya sauke kayansa a kaina, zai koma gida da sheƙin takalmi. Na ce to, barci kake so? Na san dutsen da yake zama duk shekara yana kallon inda Wataru ya nutse. Na san lokacin da ruwa ke hawa. Na haɗa masa shayi, na ce tafi da shi, akwai sanyi. Har godiya ya yi."

"Takalman fa? Da kin bar su suna kallon teku, da tun jiya na koma gida."

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Haka na ajiye su, ɗana. Kamar yadda masu yi ke yi. Na miƙe na kama hanya. Sai na waiga na gan su. Baƙo ya shiga, an bar takalmansa suna kallon ciki? Ba a yi a gidana. Na ce wa kaina ki wuce, Toyo. Hannun nan ya ƙi." Ta ɗaga shi tana kallo kamar ba nata ba. "Kuma na ce wa ya sani. Ƙila su fito tare."

Sufeto ya gaya mata an kama ta da laifin kisa, da sauran abin da doka ta ce a faɗa. Ankwa na aljihunsa, bai fito da ita ba. Ta cire rigar girkin ta ninke, ta kashe wutar murhu, ta rufe tagogi ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofa ta tsaya kan shuɗayen silifas ɗin.

"Hiru, kada ka kulle ƙofa. In ya zo ya tarar a rufe, zai ce na daina jira."

Jirgi ɗaya ne da yamma, don haka duk shi suka shiga. Saje ya zauna da tsohuwar a ciki. Sanae na waje ta jingina da ƙarfe, iska na kaɗa mata gashi. Sufeto ya same ta, riƙe da ledar shaida mai takalman a ciki. Yau ko alewar cittar bai tuna ba.

Ya gaya mata komai, bai rage ba bai ƙara ba. Ta saurara har ƙarshe.

"Ke nan ni na tura shi hannunta."

"Kin tura shi ya faɗi gaskiya. Shayin ba ke kika haɗa ba."

Sannan ta ce, "Ba ka amsa min tambayata ba."

Ya ɗaga ledar don ta gani da kyau.

"Dubi sheƙin nan. Da hannunsa ya goge su shekaranjiya da yamma. Ya ce matarsa za ta zo taryensa, kada ta gan shi da ƙura. Jakarsa a ɗaure, tsarabarki a naɗe, safarsa a ninke. Uwargida, mijinki gida zai dawo."

A nan ne kukan ya zo mata, wanda ta riƙe tun jiya. Ta karɓi ledar ta rungume, ta durƙushe a kan katakon jirgin. Sufeto ya juya ya kalli tsibirin yana ƙanƙancewa, farin yashin nan ba kowa, har hazo ya haɗiye shi.

Da ya waigo ta ajiye ledar a ƙasa kusa da ita. Takalman na kallon baya, wajen Nagihama. Ta goge ido, ta sa hannu ta juya su zuwa inda jirgin ya nufa.